Shekarar da Na Kashe Murhuna

Dukanku kun tashi kun tarar ba a hura wuta a ƙofar ɗakina. Tuwon da ya gina ku daga tukunyar Inna Laraba ya fito, matar wan babanku, kuma na san abin da aka riƙa jefa muku a bakin rijiya da hanyar makaranta. Wasu su ce ƙyuya ce ta hana uwarku girki, wasu su ce raina gidan miji ne, wasu kuma su taɓa kansu da yatsa su yi dariya. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku amsa ba, domin a lokacin ni kaina ba ni da ita, kuma yanzu ma ba zan ce ina da ita cikakkiya ba. Amma tunda hannuna yana iya riƙe alƙalami har yau, albarkacin ajin yaƙi da jahilci da muka yi a inuwar majami'a, bari in rubuta muku yadda shekarar nan ta tafi, kowa ya auna da kansa.

Bayan samun mulkin kai da 'yan shekaru ne, da bazara, sanƙarau ya shigo ƙauyenmu na gefen Kafur. Lokacin ku uku ne: babbarku, wadda har yau bakina bai saba da sunanta ba, sai Yusufu, sai Talatu tana goye. Abin da na iya tunawa, ina kan dutsen niƙa kaina ya sara, na so in sunkuya wuyana ya ƙi. Sauran sai labari aka ba ni. An ɗaure tabarma tsakanin sanduna biyu an ɗauke ni zuwa asibitin mishan, an kwantar da ni a rumfar zana can gefe tare da masu irin ciwon, ana yi mana allura. Da yawa waɗanda muka kwanta tare ba su koma gida da ƙafarsu ba. Ni na koma, ana ta barka, matan zumunta suka zo suka yi addu'ar godiya. Kunnena na hagu ya mutu, wannan kowa ya gani, aka riƙa zagayowa ta dama in za a yi mini magana. Ɗaya abin da ciwon ya tafi da shi kuwa babu wanda ya gani, ni ma na daɗe ban san an ɗauke shi ba.

Kafin ciwon nan ni mace ce mai hannu da yawa. Tukunya na kan wuta, goyo na baya, ina daka, kunnena na wajen awaki, kuma babu wanda zai faɗi ƙasa. Bayan ciwon, sai in fito da safe in tsaya a ƙofar ɗaki, aikin gidan duka ya taso mini a lokaci guda. Randa babu ruwa. Dawa na jiran turmi. Awaki na kuka a turke. Ga wanki, ga itace ya ƙare, ga Talatu na jan zanina. A da aiki yakan zo mini a jere, wani na bayan wani, na san wanda zai iya jira da wanda ba zai iya ba. Yanzu duka murya ɗaya gare su, babu babba babu ƙarami, kamar kana tsakiyar kasuwar Bakori kowa na kiran sunanka. Sai in ɗauki tulu, in ga awaki, in ajiye tulu in kwance igiya, in hango kaji a kan shanya, in saki igiyar in bi kaji. Kafin rana ta take, tulu na tsakar gida babu ruwa, akuya na cikin ramar Iya, uwar mijina, ni kuma ina tsaye da muciya a hannu ban san me ya haɗa ni da ita ba. Daga nan gajiya ta sauko mini kamar an yafa mini jiƙaƙƙen bargo, in zauna gindin rumbu in ce ɗan hutu kaɗan, sai in ji babanku ya dawo babu abin da zai sa a baki.

Ku da kuka tashi bayan abubuwa sun sauya, sai na gaya muku yadda gidanmu yake a lokacin. Gandu ɗaya muke nomawa, maza da mata, Baba Nomau wan babanku shi ne mai gida. Da safe kowa gonar gandu, in rana ta karya sai kowace mace ta wuce gayaunarta, wato 'yar gonarta ta kanta. Kowace mace da rumbunta da murhunta. Da damina ana auno mana daga rumbun gandu, da rani kuwa abin da mace ta noma shi za ta ciyar da 'ya'yanta. Ba a tambayar mace ko tana da murhu, kamar yadda ba a tambayarta ko tana da suna.

To abin da ya rikita mutanen gidan, ya rikita ni fiye da su, shi ne a gona ƙalau nake. Da na sa fartanya a bakin kunyar dawa sai kaina ya yi shiru. Kunya ɗaya ce a gabana, tana da farko tana da ƙarshe, in ta ƙare ta kusa da ita na jira. Babu mai kirana ta gefe. Ina iya wuni a haka, har in riga wasu mazan fita. Amma da na shigo gida na ga murhu da turmi da randa, sai kasuwar nan ta sake ci. Iya kuwa ba ta iya ɓoye abin da ke ranta.

"Wannan wane irin ciwo ne mai zaɓen wuri?" in ji ta. "A gona ba ya zuwa, sai a gindin murhu? Ni ma ina son irinsa, a sammini."

Tambayarta kuwa ita ce tawa. Babanku ya ɗora ni a bayan keke ya mayar da ni asibitin. Malamin asibiti ya buɗe idona ya duba, ya sa na fito da harshe, ya lanƙwasa wuyana gaba da baya.

"Ciwo ya tafi," ya ce. "Ki ci abinci, ki samu hutu, ki gode wa Allah."

A hanyar dawowa babanku murna yake ta yi, har ya tsaya Malumfashi ya saya mini rake. Ni kuwa ina bayansa ina shan raken ina hawaye, domin na so a ce an ga wani abu mai suna, wanda zan kai wa Iya in ce ga shi.

Malama Saratu, matar mai bishara, ita ce ke koya mana karatu, kuma ita kaɗai na iya yi wa bayanin kasuwar da ke kaina. Ta saurara har na gama, ta ce ai abu ya zo da sauƙi tunda na iya rubutu, in samu gawayi in rubuta ayyukan a bangon ɗaki, in na gama ɗaya in goge shi. Na yi murna da shawarar. Na rubuta ruwa, na rubuta daka, awaki, wanki, itace. Ina rubutawa wasu na faɗo mini, ɗinkin rigar Yusufu, gaishe da mai jego, shanyar kuɓewa, yaɓen rumbu da ya tsage. Ban ankara ba bango ya cika har bakin ƙofa. Washegari na tsaya ina karantawa daga sama zuwa ƙasa, na koma daga ƙasa zuwa sama, ban san wanda zan fara ba. Masu kirana suna nan yadda suke, sai dai yanzu bango ma ya shiga cikinsu. Iya ta leƙo ta same ni a tsaye bakina na motsi.

"Ishaya," ta ƙwala wa babanku kira, "zo ka ga, yanzu kuma da bango take hira."

Da yamma ya kwaɓa ƙasa ya shafe rubutun.

Da marka ta zauna, ciyawa ta fi ƙarfinmu a babbar gonar dawa da ke bayan gida, Baba Nomau ya kira gayyar maimai. Gayya kuwa mutuncin gida ne. Samari za su bar gonakinsu su zo su yi maka, ba ka biyan su komai, amma cikinsu na wuyanka, kuma duk abin da suka ci ko suka rasa, gari zai ji. Iya ta raba aiki. Inna Laraba tana da gyambo a ƙafa tun kafin a kawo ni gidan, ba ta iya doguwar tafiya ko tsayuwa, sai aka ba ta tuwo da miya tunda a zaune take yi. Ni aka ba ni kunun hantsi, wanda samari ke jira su jiƙa maƙoshi. Iya ta riƙe hannuna ta zagayo ta kunnen dama.

"Kunu kawai. Kin ji? Ba awaki, ba kaji. Kunu."

Na ce na ji, kuma na ji ɗin. Tun jiya na jiƙa gero, da sassafe na niƙa na tace, na jiƙa tsamiya, na ɗora babbar tukunya a rumfar girkina na tura mata kara. Kun san wutar kara, ba a barin ta, sai kana tura shi ciki, in ka bar shi wutar ta biyo shi waje. Talatu ta yi barci, na shimfiɗe ta a tabarma daga gefe. Ina jiran ruwa ya tafasa sai na ji kiɗan gayya ya tashi, na tuna ba a kai musu ruwan sha ba. Na ce gona ai ga ta nan bayan danga, kafin tukunya ta tafasa na je na dawo. Na ɗauki tulu.

Na iso na tarar samari sun jeru, makaɗi na bin su a baya. A can ƙarshen layi akwai kunya ɗaya da babu kowa, mai ita ya zaga daji ya bar fartanyarsa kwance. Na sauke tulu. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina, sai dai na ga fartanya a hannuna. Na sunkuya, kaina ya yi tsit.

"Kai, matarmu ta shigo!" in ji wani abokin babanku. "Ishaya, in ta riga ka fita, yau kai za ka tuƙa tuwo!"

Aka bushe da dariya, makaɗi ya bar su ya dawo bayana. Na fita kunyar na kama wata, na fita na kama wata. Na ji ina dariya, abin da rabona da shi tun kafin ciwo. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Abin da na sani, Baba Nomau ya miƙe ya dafa ƙugu, ya dubi rana, ya dubi hanyar gida.

"Wai ina kunun ne?" ya ce.

Sai na ga kowa ya daina sara yana kallona. Ni ma na waiga ina neman wadda ake tambaya. Kafin in gane ni ce, wani ya nuna gida da hannu, muka ga hayaƙi baƙi ya tashi daga wajen ɗakina.

Wutar ta biyo karan ta kama tarin da na jingine a rumfa, ta hau zana. Iya ta tafi rijiya da sauran yara, Inna Laraba ce kaɗai babba a gidan. Matar da ke ɗaukar rabin hantsi kafin ta ƙetare tsakar gida da sanda, ran nan da rarrafe ta shiga rumfar ta jawo Talatu da tabarmarta. Da muka iso mun same ta zaune a ƙasa, gyambonta ya fashe yana jini, yarinya na ƙirjinta tana tsala ihu, gefen gashin Talatu ya ɗan babbake, amma ko tabo babu a jikinta. Samarin suka kashe wutar da ƙasa da ruwan randa. Tukunya ta ƙone ta tsage, gasara na nan a ƙwarya yadda na bar ta. Aka ci tuwo a tsaye babu raha, gayya ta watse, rabin gona na cikin ciyawa. Na karɓi Talatu ina jujjuya ta ina dubawa, ina ta cewa yanzu fa na fita, yanzu yanzu, domin har ga Allah haka na ji.

Ran Lahadi bayan an taso sujada maza suka zauna gindin ɗorawar ƙofar gida, mu mata muna bayan danga muna ji. Baba Nomau ba mugun mutum ba ne, kada ku riƙe shi da wannan. A hankali ya yi maganarsa.

"Ba kora ba ce. Hannatu ta je Tsiga gidan ubanta ta huta, har kanta ya dawo. Yara kuwa na gidan nan ne, nan za su zauna. Ƙaramar ma ta isa yaye."

"Har yaushe, Yaya?" in ji babanku.

"Har ta warke."

"In ba ta warke ba fa?"

Aka dai tsayar da ranar kasuwar Bakori, tunda ranar ce ake samun babbar mota. Na san yadda irin wannan hutun yake ƙarewa, na ga matan da suka tafi hutu suka tsufa a gidan ubansu, 'ya'yansu na zuwa gaishe su da Kirsimeti kamar baƙi. Da babanku ya shigo ɗaki ya zauna bakin gado.

"Hannatu, gaya mini tsakaninki da Allah. Gidan ne ba kya so?"

"Ina so."

"Ni ne?"

"Ba kai ba ne."

"To me ya sa kika ɗauki fartanyar nan?"

Na ce masa ban sani ba, sai dai a gona ne kaɗai abu ɗaya ke kirana. Ya dube ni, na ga yana so ya fahimta, na ga kuma bai fahimta ba. Ban ga laifinsa ba.

Ana gobe tafiya aka ce in haɗa kayana. Na shimfiɗa zani a ƙasa zan ɗaure kaya a ciki, na ɗauko tabarya na ga ba ta tafiya ba ce, na ɗauko rigar Yusufu na tuna shi ba ya zuwa, na ajiye na ɗauko fitila. Ɗaki ya hargitse, zanin na nan shimfiɗe babu komai a kai. Sai na fita ta ƙofar baya. Can na ji murya ta kunnen dama.

"Ke 'yar Tsiga! Gonar wa kike nomewa?"

Na ɗago na ga Inna Laraba ta dogaro sandarta ta zauna a kan kututture. Na duba ƙasa, gyaɗa ce, ni kuwa ban shuka gyaɗa a shekarar ba.

"Au. Taki ce, Yaya?"

"A'a, ta Gwamna ce. Ci gaba, in ya zo zan gaya masa."

Gayaunarta kowace shekara ciyawa ke cinye ta saboda ƙafar, da rani kuma ta riƙa kame-kame da 'ya'yanta, tana kitso tana saƙar faifai ana ba ta hatsi. Ta zauna tana kallona na fita kunya na shiga wata.

"Ikon Allah," ta ce daga baya. "Ke an bar miki ƙafa an taɓa kai, ni an bar mini kai an taɓa ƙafa. Da tela zai haɗa mu ya ɗinke, da gidan nan ya samu mace guda ta kirki."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce in matso. Ta ce in na yarda, ni in riƙe waje, gayaunarta da tawa da rabonta na gandu, da ruwa da itace, ita ta riƙe cikin gida, ta ciyar da nata da nawa da babanku. In babu wuta a hannuna, in ji ta, babu dalilin da za a ce in tafi.

"Amma ki ji da kunnenki mai ji. Ba na rarrafe tsakanin murhu biyu, kuma ba na awo a rumbu biyu. Tukwanenki su dawo ƙofata, duwatsunki a ɗaga su. Abin da kika nomo ni zan auna. Kuma ba na wata ɗaya ba ne, don ba zan saba wa yara da hannuna sannan a ce in janye ba. Ki yi tunani, kada gobe ki ce Laraba ta ƙwace miki wani abu."

Na ce bari in yi tunani, na koma na kama wata kunyar. Na so in auna abin yadda masu hankali ke yi, wannan a nan, wancan a can. Amma da na ɗauko tukwanen da uwata ta jera mini, sai maganar mutane ta faɗo, sai fuskar babanku, sai motar gobe, sai gashin Talatu da ya babbake, duka a lokaci guda. Ban iya jera su ba. Na dai iso ƙarshen kunyar, na miƙe, na ce mata to.

Ita ta kai wa mijinta maganar, don ni ba na iya buɗe baki gaban wan miji. Iya ta ce ba ta taɓa jin irin wannan ba tun da aka haife ta, mace da ranta da mijinta babu hayaƙi a ƙofarta, ai baƙuwa ce ke nan a gidan. Inna Laraba ta ce baƙuwar da za ta cika rumbu biyu, Allah ya ƙaro mana irinta. Baba Nomau ya daɗe yana susar gemu, ya ce a gwada zuwa kaka a gani. Gwajin nan shi ne bai ƙare ba sai da aka binne Inna Laraba, kuna da 'ya'yanku.

Da kaina na kwashe tukwanen na kai ƙofarta, da muciya da mara da ludayi. Babanku ya ɗaga duwatsun murhun, ya tsaya da na farko a hannu yana tambayata inda zai ajiye. Na ce ban sani ba, ya kai su bayan ɗaki. Da labari ya kai Tsiga uwata ta zo da kanta, ta tsaya a kan baƙin wurin da murhun ya bari, ta ce da ta san haka da ba ta wahala wajen koya mini tuƙi ba. Ta kwana ɗaya ta koma.

Daga nan kwanakina suka sauya. Da safe in fito in tarar da Inna Laraba zaune a ƙofarta ta miƙe ƙafar. Kafin aikin gidan ya taso mini sai ta ce, "Ruwa." In je in dawo. Ta ce, "Awaki." In na tambaye ta sai me kuma bayan wannan, ta ce, "Dawo tukuna, uwar gaggawa." Ba ta taɓa ba ni biyu a haɗe ba. In gajiyar nan ta sauko mini, ta ce in kwanta, babu abin da zai ƙone. Kaina bai dawo ba, har yau in jikokina uku suka yi mini magana tare sai in rasa inda nake. Amma gayaunun nan biyu sun yi kyau a shekarar, kuma babu wanda ya sake ambaton motar Bakori.

Da kaka, ana cirar auduga, wata rana da la'asar na shigo gida da ƙunshi a kai. Lokacin Talatu ta fara tafiya har da ɗan gudu. Ina shigowa na ga ta yi tuntuɓe ta faɗa kan gefen turmi, leɓenta ya fashe. Ta tashi da jini a baki ta buɗe hannuwa ta nufo wajena da kuka. Na yar da audugar a ƙasa, na durƙusa a kan hanyarta, na buɗe nawa hannuwan. Sai ta kewaye ni, kamar yadda ake kewaye rumbu, ta wuce ta faɗa kan cinyar Inna Laraba da ke bayana, tana kiran Inna, Inna.

Na zauna a durƙushe hannuwana a buɗe, na rasa yadda ake mayar da su. Inna Laraba ta dube ni ta saman kan yarinyar. Can ta ce a hankali,

"Ruwan ɗumi."

Na tashi na je murhunta na ɗebo. Ni na wanke wa Talatu leɓen, tana kan cinyar wata, ta cusa hannu ta damƙe zanin wata, tana kallona ta gefen ido har kukan ya tsaya. Talatu, ke ba za ki tuna ba, kuma ba laifinki ba ne. An sha tambayata ko cinikin nan ya yi mini riba, nakan ce ban sani ba, kuma gaskiyata ke nan. Abin da na sani, da ina Tsiga ranar nan, da sai dai wani ya zo cin kasuwa ya ce mini yarinyarki ta faɗi, amma ta warke.